Kura: Garin Rini da Ya Koma Garin Shinkafa

Duk wanda ya bar Kano ya kama hanyar Zariya, da ya haye kogin Challawa ba zai daɗe ba zai fara ganin shinkafa shanye a gefen titi, ga buhuna jibge, ga ƙarar injinan casa ta kowace kusurwa. Ya iso Kura ke nan, kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da birni. Matashin da ke zuwa sarin shinkafa a yau ba lallai ya san cewa shekara ɗari da hamsin da suka wuce sunan wannan gari ya kai Agadas da Gat ba, kuma ba don abinci ba. Don wani baƙin ƙyalle ne mai sheƙi, wanda Buzu zai sayar da raƙumi kafin ya yarda a gan shi ranar biki ba tare da shi ba.

Tarihin Kura ba na yaƙe-yaƙe ba ne. Tarihi ne na aiki: wa ya yi shi, a wane gida, da wane lada, kuma me ya faru da iyali duk lokacin da kasuwar da ke can nesa ta juya baya.

Kafin 1800: abin da ake faɗa da abin da aka rubuta

Ƙasar da Kura take a kai, tsakanin kogin Challawa da kogin Kano, ta haɗa jigawa da fadama, kuma tana karɓar dawa da auduga da baba. Abin da ake faɗa game da mafarin ƙasar Kano baki ɗaya shi ne maƙera ne daga Gaya suka fara zama a Dala suna neman tama, daga baya Bagauda, jikan Bayajidda, ya zama sarki na farko. Masu lissafi sun ɗora sarautarsa a shekarar 999. Wannan labarin gado ne, wanda aka daɗe ana ba da shi da baki kafin a rubuta wani ɓangarensa a littafin Tarihin Kano a ƙarshen ƙarni na 19. Haka ma maganar masu rini na Ƙofar Mata cewa karofinsu ya samo asali tun 1498: gado ce daga bakin kakanni, ba takarda ba.

Daga cikin shaidun da ke rubuce tun zamaninsu akwai ta Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A littafin da ya kammala a 1526 ya siffanta ƙasar Kano da yalwar hatsi da shinkafa da auduga, da mutane masu sana'a da fatauci. Tarihin Kano kuma ya ajiye abubuwa biyu da suka shafi makomar Kura kai tsaye. Na farko, a zamanin Sarki Yakubu, wajen 1452 zuwa 1463, Asbinawa suka sauko Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Na biyu, a zamanin Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ya zama kuɗi. Masu saye sun samu, abin biya ya samu. Saura a iya yin kayan da yawa.

1807 zuwa 1893: zamanin karofi

Jihadin Shehu Usmanu ya kawo ƙarshen sarautar Sarkin Kano Alwali a 1807. Bayan rigingimun farko, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya kwantar da tawaye, ƙasar Kano ta sami zaman lafiyar da maƙwabtanta da yawa ba su samu ba. Mutane suka yi ta kwararowa: masaƙa da masu rini da fatake daga Barno da Nufe da arewa, da kuma waɗanda ba su zo da son ransu ba, wato bayin da aka kamo aka zuba a rinji suna noman hatsi da auduga da baba. Duk wanda ya yabi arzikin wancan ƙarni ya tsallake wannan, ya faɗi rabin gaskiya ne.

Abin da ya ɗaga sana'ar rini daga aikin tukunya zuwa babbar masana'anta wata dabara ce ta gini. A da, cikin manyan tukwanen ƙasa ake rini. Sai aka gano cewa katsi, wato dattin da ke kwantawa a ƙasan ruwan rini, in an ƙone shi aka daka aka kwaɓa da gashin dabba da ruwan dafara, yana ba da laso, simintin gargajiya da ruwa ba ya ratsawa. Da laso aka iya haƙa rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, a shafe cikinsa, ya riƙe ruwan rini shekara da shekaru. Ramin ya fi tukunya ɗaukar kaya, ya fi ta arha, kuma sharar yau ita ce simintin gobe. Philip Shea, wanda ya yi shekaru yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincikensa na digirin digirgir a kan wannan masana'anta, kuma aikinsa ya nuna cewa ƙarfinta ba a cikin birni yake ba, a garuruwan karkara yake, Kura na kan gaba.

Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 in an yi ƙasa-ƙasa, kuma ya ce suna kai wa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Ya kuma rubuta harajin da ake karɓa: wuri 2,500 a kan kowane magidanci, wuri 700 a kan kowane karofi. Ramin rini ya zama dukiya kamar gona. Ana gadonsa, ana sayar da shi, ana ba da hayarsa, kuma sarki na da rabonsa.

Kura ta ƙware a kan abu mafi wuya, wato turkuɗi da rawanin da har yau ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke ce wa alasho. Ana saƙa shi da zare siriri ƙwarai, a sawaye ƙanana da faɗinsu bai fi na yatsa ba, sannan a harhaɗa su da allura, guda da yawa gefe da gefe, kafin su zama ƙyalle ɗaya. Kafin rawani guda ya kai kan mai shi, ya bi ta hannun mutum fiye da goma, kuma hannun farko na mace ne. A cikin gida ake gurza auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, a kaɗa ta da mazari. Mace takan kaɗa zare tana hira, tana jiran tuwo ya nuna, tana goye da yaro. Kuɗin zaren nata ne, miji ba shi da iko da su. Da su take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da su take biyan biki in ƙawarta ta haihu ko ta aurar. Sunan da ya fita duniya na masu rini ne, amma in matan ƙauyukan da ke kewaye suka ajiye mazari mako guda, marina ta tsaya.

Marina kuwa wuri ne da ake jin warinsa kafin a gan shi. Ana cika ramin da ruwa, a zuba toka da katsi da busasshen baba, a rufe da murfin kaba a bar shi kwanaki yana ruɓa. Kullum sai an zo da doguwar sanda an tuƙa, har kumfa mai ruwan shuɗi ta taso. Gogaggen marini daga launin kumfar da warinta yake sanin ko ruwa ya kama, wani ma sai ya ɗanɗana a harshe. Yana zaune a bakin ramin, ya tsoma ƙyalle ya murza shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Da fari kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a kan idon mai kallo. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, a shanya, a dawo gobe, har shuɗin ya koma baƙi. Hannun marini ba ya wankuwa. Ko a masallaci, in ya ɗaga hannu zai yi kabbara, an san sana'arsa.

Daga nan sai wurin bugu. Ana shimfiɗa ƙyallen a kan gungumen itace, a barbaɗa garin shuni, mabuga biyu ko fiye su zauna suna fuskantar juna da manyan guduman katako, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, da sauti ɗaya tun safe har la'asar. Bugun ne ke cusa shunin cikin zare har ƙyallen ya riƙa walƙiya. Wannan shunin shi ke zuba a fuskar Buzu, shi ya sa Turawa suka riƙa kiran su shuɗɗan mutane. A wurinsu ba aibi ba ne, ado ne, kuma alamar cewa kayan na gaske ne.

Shekara ta kasu biyu. Da damina kowa manomi ne. Gida yana aiki a matsayin gandu: maigida da 'ya'yansa maza da ƙannensa su fita gonar gida da sassafe, a tashi da azahar, sannan kowa ya nufi gayaunarsa. Shi kuma maigida ya ɗauki nauyin abinci da haraji da kayan aiki da auren fari na kowane ɗa. Da kaka ta wuce sai a koma masaƙa da marina, daidai lokacin da ayarin Asbin ke saukowa da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da turkuɗi. Buzu yana da fatomansa, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in bashi ya shiga. Irin wannan amana takan wuce daga uba zuwa ɗa a ɓangarorin biyu.

A zauren fatoma ne kuma labari ke sauka. Can ake jin cewa wane da ya tafi Gwanja neman goro ya yi aure a hanya, ko wane da ya nufi Makka ta Barno da Wadai yana nan da rai, ya tsaya noma a wani gari yana tara guzuri. Labarin rasuwa yakan iso bayan wata shida, a zauna makoki kamar jiya aka yi. Na kusa kuwa goro ne ke kai shi. In an haihu, yaro ya zaga gida-gida da goro, a amsa da "Barka da arziki, Allah ya raya," kowa ya san ranar bakwai da asuba akwai suna.

1893 zuwa 1914: shekaru ashirin masu nauyi

Rasuwar Sarki Bello a 1893 ta buɗe ƙofar basasa tsakanin Tukur da Yusufawa. Kafin Alu, jagoran Yusufawa, ya shiga birni a 1894, garuruwan karkara sun sha wuya, an ƙone wasu, an kama mutane, hanyoyin fatauci sun tsinke. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga Turawa. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Kura ta kudu, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Aka naɗa Abbas sarki.

Canjin da talaka ya ji a jikinsa ya zo a hankali. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba, ko da yake ba a soke bauta gaba ɗaya a doka ba sai 1936. Bayi da yawa suka fanshi kansu ta hanyar murgu, wasu suka gudu, wasu suka zauna suka zama talakawan gari. Aka tura hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu, aka fara neman haraji da kuɗin Turawa maimakon wuri. Wanda ya tara wuri buhu-buhu ya wayi gari dukiyarsa na narkewa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, abin da ya ƙarasa kashe tsohuwar hanyar Sahara zuwa bakin teku. A 1912 farashin gyaɗa ya sa manoman Kano suka rungume ta. Sai damina ta ƙi a 1913. Yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane masu yawan gaske daga Kano har Damagaram, kuma ba a ɗaga wa kowa haraji yadda ya kamata ba. Shekaru da yawa bayan haka tsofaffi da ita suke lissafin haihuwa: wane an haife shi kafin Kakalaba, wance an yi mata aure shekara biyu bayanta.

1914 zuwa 1970: gyaɗa, haraji da rediyo

Abin mamaki shi ne rini bai mutu a Kura ba, ko da yadin Ingila ya cika kasuwa. Masana'antun Turai sun iya kwaikwayon launi, tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti a 1897, amma ba su iya kwaikwayon bugun ba, kuma Buzu ba ya ruɗuwa. Tawayen Buzaye na 1916 zuwa 1917 a ƙarƙashin Kawusan da ramuwar Faransawa sun watsa Asbin, ciniki ya faɗi, amma da ƙura ta lafa ayari ya dawo. Garuruwan da ke rina kayan yau da kullum su ne suka fara rufe ramuka. Wanda ya riƙe kaya mai tsada da mai saye mai taurin kai, ya daɗe.

Wadda ta fara asara ita ce mai kaɗi. Zaren kanti ya fi arha, ya fi daidaito, kuma da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 sai ya ƙara yawa. Babu wanda ya rubuta ranar da mazari ya fita daga ɗakunan mata, amma sana'a ce ta dubban mutane ta shuɗe ba tare da ko sanarwa ba. Matan suka koma ga abin da ke hannu: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ƙosai, ɗinkin hula, da yara masu kai talla. Adashi da biki suka ci gaba, sai dai an canza inda kuɗin ke fitowa.

Ga maza, wannan zamani ne na awo da rasit. A kai gyaɗa wurin ɗan baranda, a karɓi abin da ya ce sikeli ya nuna, a biya haraji, abin da ya rage a yi sutura da aure. Buhunan su ne suka zama dalar gyaɗa a Kano, ribar kuma ta tafi hukumar ciniki. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya tafi ci-rani, birni ko Jos ko Kurmi. Wannan matsi na haraji da na masu karɓarsa shi ya sa jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ta sami kunnen masu sana'a da ƙananan 'yan kasuwa a karkara, duk da ɗauri da bulala da magoya bayanta suka sha. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Labarin gida ma ya sami sabuwar hanya. Ɗan ci-rani ya je wurin malami a rubuta masa wasiƙa da ajami, ya ba direban babbar mota ko ɗan garinsu mai komawa, haɗe da 'yan sulalla a ƙulle. Wasiƙar kan fara da gaisuwa mai yawa ga Baba da Inna da Yaya da kowa da sunansa, a jero har jaririn da ba a yaye ba, sannan a layi biyu na ƙarshe a faɗi abin da ya sa aka rubuta. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma ƙaramar rediyo mai batir ta yaɗu, sai shirin zaɓi-sonka ya zama wata hanyar. Jin an ambaci sunan mutum da na unguwarsu a rediyo abin magana ne na mako guda.

1970 zuwa 1987: ruwan Tiga

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma gwamnanta na farko, Audu Baƙo, mutum ne mai son madatsun ruwa. A zamaninsa aka gina dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, aka kammala a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Sahel. Farin ya bugi Kura ta fuska biyu. Ya taɓa gonakinta, ya kuma karkashe raƙuma da dabbobin Buzaye, masu sayen turkuɗi, har wasunsu suka sauko Kano suna gadi da bara. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta ƙarasa abin da fari ya bari. Cikin shekara huɗu, ƙafafu biyu da garin ke tsaye a kai suka raunana tare.

Sai ga ruwa ya iso ta kwalbati da magudanai. Shirin noman rani na kogin Kano, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa, an tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000 a yankin da yau ya ƙunshi Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya aka miƙa shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Katafila ta shiga gonaki, ta tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiyar da kakanni suka bari, ta share iyakoki, aka baje ƙasa aka sake rabawa. Dubban mutane a yankin Tiga an tashe su daga ƙauyukansu. A can ƙasa kuma, fadamun Haɗeja da Nguru suka fara rasa ambaliyar da masunta da manoma suka dogara da ita.

Alherin ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba: gonar da ke ba da amfani sau ɗaya ta koma ba da sau biyu, saurayin da zai tafi ci-rani ya sami aiki a gida. Amma noman rani noman kuɗi ne. Ana biyan kuɗin ruwa, kuɗin tarakta, taki, iri, magani, 'yan ƙwadago. Masu binciken da suka zauna a ƙauyukan a shekarun 1970, irin su Tina Wallace, sun ga yadda ƙaramin manomi da ba shi da jari yake ba da hayar gonarsa ko jinginarta ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga birni, sannan ya dawo yana ƙwadago a cikinta. Gandu ya fara sassautawa, domin ɗan da zai iya samun kuɗin yini a gonar wani ba ya jiran uba ya yi masa aure. Sauro ya daina tafiya hutun rani, tsargiya ta kama yaran da ke wanka a magudanai.

Akwai wani abu da ya faru a 1977 da ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Wani kamfanin Turawa yana noman kayan lambu a yankin don kai wa kasuwannin Turai, ya ɗauki mata, yawancinsu dattijai da ba sa kulle, suna tsinkar wake. Da suka ga ladan bai kai wahalar ba, suka haɗa kai suka ajiye aiki. Matan ƙauye ne da ba su da ƙungiya, ba su da sakatare, sai zumuncin biki da sanin darajar guminsu. Masana sun yi rubutu a kan wannan yajin aiki a mujallun waje, amma a gida ba kasafai ake ambatonsa ba.

Daga 1987 zuwa yau

Tun daga nan, abin da ake shukawa a Kura ya zama yana bin sanarwar gwamnati. An hana shigo da shinkafa a 1985, aka hana alkama a 1987, sai fadamar ta cika da alkama a lokacin hunturu. Da aka janye hanin alkamar a farkon shekarun 1990, alkamar waje ta dawo, manoma suka karkata ga tumatir da albasa da masara, shinkafa kuma da damina. Kasuwar Kwanar Gafan ta zama inda manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas, inda farashi kan faɗi a tsakiyar kaka har manomi ya bar kayansa a gona saboda kuɗin kwando ya fi na abin da ke ciki. Kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya zo da fatan magance wannan, amma a shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, masana'antar ta rasa abin sarrafawa.

Shinkafa ce ta zauna da gindinta. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da ita kuɗin waje, a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, farashi ya tashi, injinan casa suka yawaita a Kura. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 140,000, kuma da wuya a sami gidan da shinkafa ba ta shiga lissafinsa. A nan ma hannun farko na mace ne. Kafin shanshera ta je inji sai an yi gumi: a jiƙa ta ta kwana, a tsame, a zuba a rabin ganga da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta har ƙwayar ta fara tsagewa, sannan a juye a baza a rana ana motsawa da ƙafa ko da katako. In ta bushe fiye da kima ta karye a inji, in ba ta bushe ba ta yi baƙi. Mai gumi tana gane daidai ne ta hanyar ɗaukar ƙwaya ɗaya ta gatsa. Hayaƙin yana cin ido, itacen yana cin riba, kuma sau da yawa shinkafar ba tata ba ce, ta ɗan kasuwa ce, ita ladan buhu take karɓa. Da wannan lada ake sayen katifa da kujeru da kwanukan amarya, ake biyan kuɗin makarantar Islamiyya, ake zuba adashi.

Wayar salula da ta shigo a 2001 ta rage nisan da wasiƙa ke ɗauka wata guda. Yau katin ɗaurin aure da hoton jariri da sanarwar jana'iza duk ta WhatsApp suke zagawa, har ga ɗan gari da ke Legas ko Saudiyya, kuma a wayar ne dillali ke faɗin farashin buhu kafin mota ta taso. Ana dai raba goro da alawa ranar suna. Masu rini da bugu sun ragu ƙwarai, ramuka da yawa sun cike da ƙasa ko an yi gini a kansu, sauran kuma sun fi rina shadda da shunin kanti. Amma har yanzu 'yan kasuwar Nijar na zuwa neman alasho, domin bikin Buzaye da na Fulanin Wodaabe bai daina buƙatarsa ba.

Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin ban ruwa ga masu injin famfo, ya ninka na sufuri da na casa. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, shinkafa na ciki, don sauƙaƙa wa masu saye a birane. Farashin shanshera ya sauko, na taki bai sauko ba. Manoma da dama a yankin sun rage faɗin abin da suke shukawa, wasu sun koma masara da albasa, masu gumi kuma aikin da ke zuwa ƙofar gidajensu ya ragu gwargwadon yadda buhunan da ke shiga inji suka ragu.